Bawon da Bai Sha Rana Ba

Hadija ta ɗauki bawon rogo guda daga kan buhun da ta shimfiɗa a tsakar gida, ta lanƙwasa shi tsakanin yatsunta. Ya lanƙwasu kamar kunnen akuya, ya ƙi karyewa. Ta ɗauki wani daga can gefe, inda take zaton iska ta fi bugawa, shi ma haka. Ta ɗaga kai ta harari sama. Kwana huɗu ke nan Kumasi ba ta sa rana a ido ba. Ga Nuwamba ya raba tsakiya, lokacin da ya kamata ruwan ƙarshen shekara ya tattara nasa ya nasa, amma kullum sai ya yi sallama da safe ya dawo da yamma da yayyafi, kamar baƙon da ya manta takalminsa.

A bayan ɗakin girki, ƙarƙashin rumfar kwano, tumaki suna ta kuka. Tun asuba suke yi, kuma wanda bai taɓa kiwo a cikin gari ba bai san yadda kukan tunkiya mai jin yunwa yake ratsa ƙashin mutum ba. Su biyar ne duka. Akwai tumaki uku 'yan Uda masu dogayen ƙafafu, gaba baƙi baya fari, da wata gajeriyar tunkiya irin ta nan kurmi da ake ce wa Guntuwa, sai kuma ragon. A unguwarsu, Akwatialine, inda ɗaki ke jingine da ɗaki, ko igiyar shanya mutum zai ɗaura sai ta biya ta kan maƙwabci, wannan ai garke ne sosai.

Ragon shi ne magana. Gobe Asabar za a raɗa wa jikan Hadija suna, ɗan fari na ɗanta Wahabu, bayan shekara takwas da aure ana jira, ana addu'a, ana kuma shan habaicin mutane. Matar Wahabu tana gidan iyayenta a unguwar Alabar tana wankan jego. Can za a yi taron, can kuma za a kai ragon da asuba. Tun cikin yana wata uku aka ware shi. Ba ragon kasuwa ba ne, jininsa ya taso tun daga tumakin da mahaifin mijinta ya koro da ƙafa daga garin Tawa, can arewa, zamanin da mota take abin kallo.

Sai ta ji an buga sanda a kan siminti.

"Bismillahi!"

Malam Garuba ne, mijinta, yana zaune a kujerarsa ta katako a bakin baranda. Shekara biyu ke nan da hawan jini ya kayar da shi a wannan rumfar, yana riƙe da daron dusa. Ya tashi da ɓarin dama a shanye, kuma duk maganar da ya tara a shekara saba'in, Hausa da Zabarmanci da Turancin tasha da yaren Asante na ciniki, ta tafi, ta bar masa kalma ɗaya tak. Da ita yake neman ruwa, da ita yake godiya, da ita yake faɗa. Baƙo zai ɗauka tsohon ya cika ibada. Hadija kuwa, da ta yi shekara talatin da shida tana sauraron bakin nan, ta san kowace bisimilla da abin da ke cikinta. Wannan ta yanzu gajeriya ce, mai kaifi, ta hani.

"Na ji, Malam," ta ce ba tare da ta juyo ba. "Rana uku. Sai ya karye ƙas. Na sani. To, ina ranar?"

Dokarsa ke nan tun yana da ƙafafunsa: bawon rogo ba ya shiga bakin dabba sai ya sha rana uku a kan kwano, sai an lanƙwasa shi ya karye. Ɗanye yana da dafi, in ji shi, rana ce take shanye dafin. Hadija ba ta taɓa musu ba. Amma mai ciyawa, wanda yake yanko musu a bayan tashar Race Course ya kawo a aboboya, babur ɗin nan mai bodi, kwana uku bai zo ba, wai inji ya buga. Dusa ta ƙare daren jiya. Matar gidan fufu da take tara musu bawon rogo da na agada, ayabar nan ta dafuwa, tun tuni, yanzu wani mai kiwon alade ya riga su. Shi ya sa ran Laraba Hadija ta tafi har wajen mata masu suyar garin rogo, ta ɗauko buhu guda a ka. Bawon nan ya fi na gidan fufu kauri, kuma in ka kai shi hanci akwai wani ɗaci-ɗaci a ƙamshinsa. Ta lura da haka, ta ce a ranta rogo ai rogo ne.

Ragon ya tokari ginshiƙin rumfar da ƙaho har kwanon ya amsa. Kwiɓinsa ya faɗa. Ta hango shi gobe a ƙofar surukai a Alabar, ciki a lafe, mata suna taɓa juna suna cewa, wannan ne ragon da ake ta labari? Zuciyarta ta ƙi.

Ta tattara bawon ta cika daro.

"Bismillahi! Bismillahi!"

"Malam, don Allah ka bar ni. Kai kana barci, ni nake jin kukansu. Ya sha iska kwana biyu. Kaɗan zan ba su, su riƙe ciki kafin mai ciyawa ya zo."

Ba kaɗan ta ba su ba. Da ta ga yadda suka faɗa wa komin abincinsu, suna ture juna, sai tausayi ya sa ta juye daron duka. Ragon ya kori kowa ya ci na tsakiya. Guntuwa, wadda ba ta da tsawo ba ta da gata, ta riƙa tsintar abin da ya zubo ƙasa. Kukan ya tsaya cak. A karo na farko tun asuba Hadija ta ji kanta ya sauka.

Wajen sha biyu da rabi Wahabu ya leƙo, sanye da farar riga, yana ƙamshin turare, zai wuce masallacin Juma'a. Kondasta ne a motocin Race Course, muryarsa ma ta tasha ce, ko gaisuwa yake yi sai ka ce fasinja yake kira. Ya durƙusa ya gaida uban, ya wuce rumfa kai tsaye.

"Kai, Mma! Ragon nan ya yi kyau paa. Gobe mutanen Alabar za su san gidan da muka fito." Ya shafa wuyansa. "Da asuba zan zo da mota. Kar ki bari kowa ya taɓa shi ko kaɗan, koraa."

Zai fita, Malam Garuba ya miƙa hannun hagu ya cafke gefen rigarsa. Ya nuna rumfa da haɓa, ya nuna buhun, idanunsa sun firfito.

"Bismillahi," ya ce. "Bismillahi."

"Amin, Baba, amin," in ji Wahabu yana dariya. "Allah ya bar mana kai." Ya zare rigarsa a hankali ya fice.

Hadija tana tsugune tana wanke goron suna a cikin bokiti. Ta ji duka, ta kuma san abin da tsohon yake ƙoƙarin faɗa. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da wanke goronta.

Mazan unguwa suka riƙa wucewa ta lungu, takalma suna ƙara, har sawu ya ɗauke. Ranar Juma'a da azahar Akwatialine takan koma garin mata da kaji. Daga nesa lasifikar babban masallaci ta fara, liman ya hau huɗuba. A lokacin ne ta ji an yi fatali da bokitin ruwa a rumfa.

Ta je ta tarar da babbar tunkiyar, uwar ragon, tana tangaɗi kamar wadda ta sha giya. Bakinta kumfa, numfashinta sama-sama. Tana kallo ƙafafun gaba suka lanƙwashe, tunkiyar ta kife. Ta biyun tana jingine da bango, jikinta yana rawa. Ragon yana tsaye, ya buɗe ƙafafu, ya miƙe wuya, yana haki kamar wanda ya yi gudu daga kasuwar Kejetia.

"Innalillahi," in ji Hadija. Sannan ta kwarma ihu. "Fusena! Fusena!"

Fusena maƙwabciyarta ce, Badagomba mai sayar da koko, wadda Hausarta ba ta raba namiji da mace, bangonsu ɗaya. Ta shigo da gudu, zani a ƙirji, hannu duk ƙullu. Kallo ɗaya ta yi wa komin.

"Mma Hadija, wannan bawo na masu gari ne? Ei! Rogon gari ba a ci shi haka, mai ɗaci ne. Kawo manja. Maza, kawo manja da kwalba!"

Hadija ta ɗauko galan ɗin manjan da ta tanada don girkin suna. Suka danne tumakin ɗaya bayan ɗaya, Fusena tana buɗe baki da yatsa, Hadija tana ɗura. Rabi yana shiga, rabi yana bin hannayensu. Ragon sai da suka haɗu su biyu suka kayar da shi. Guntuwa aka ɗura wa na ƙarshe, ɗan abin da ya rage a gindin kwalba, tana kwance idanu a juye. Kafin su koma kan uwar ragon, ta yi shure-shure sau uku ta miƙe.

"Wannan ya tafi," in ji Fusena a hankali. "Ya zama mushe. Mma, nemo namiji. In ba a yanka sauran ba, duka bola za su je."

Shekara talatin Malam Garuba yana kiwo a wannan rumfa, kuma abin da yake alfahari da shi guda ne: dabba ba ta taɓa mutuwa mushe a gidansa ba. Ko tsakar damina ce, in ya ga numfashin dabba ya sauya, wuƙarsa tana kusa. Yau ga ta farko a gaban idonsa, yana zaune, ba shi da ikon ko tashi.

Hadija ta kira Wahabu a waya. A kashe. Ta kira mai maganin dabbobi na bakin titi, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, shi ma yana can cikin sahu. Ta yafa mayafi a karkace ta fita ba takalmi.

Lungun fayau. Shagon tela a rufe, teburin mai nama an kife shi, bencin da tsofaffi ke zama suna gardamar ƙwallo ba kowa. Ta buga ƙofar gidan ladan, matarsa ta ce ya tafi tun sha biyu. Ta shiga gidan mutanen Bawku, mata ne kawai suna tsefe kai. Ta tsallaka kwata, santsi ya kwashe ta, ta dafa bango ta tashi. Duk ranar duniya mazan nan suna cike da lungu, sai ka roƙi hanya kafin ka wuce, yau da ake neman ɗaya ko na magani babu. Masallacin kuwa, ko ta kai, mace ba za ta keta sahu tana huɗuba ta ce a ba ta aron mai yanka ba.

A ƙarshen lungu ta ji ƙarar zarto. Agya Kwaku ne, kafinta, dattijon Asante da ya girme wa rabin gidajen unguwar, shi ya yi kujerar da Malam yake zama a kai. Ya ga fuskarta ya ajiye zarton.

"Maame Hadija, lafiya? Malam ne?"

"Tumaki, Agya. Suna mutuwa. Ragon suna."

"Ei, kafra, sannu, kafra. Mu je. Ba ni wuƙa, ni zan yanka maki."

Ta tsaya. Kunya ta kama ta a tsakiyar tashin hankali. Mutumin nan ya ci tuwon sallarsu shekara da shekaru, ranar da Malam ya faɗi shi ya ɗauke shi a baya zuwa mota. Amma coci yake zuwa, kuma ta san mutanen unguwarta.

"Agya, na gode. Amma ka san mutanenmu."

"Yoo," ya ce, bai ɓata rai ba. "Na sani. To mu je, ko ƙafa in riƙe."

Suka tarar ta biyu ta bi ta farko. Ta uku tana cikin shure-shure, kafin Hadija ta cire mayafi ita ma ta yi shiru. Uda uku, ga su a jere, baki jawur da manja. Guntuwa tana kwance a kusurwa ba motsi, ba wanda ya ma kula ta. Ragon yana kan ɓarinsa, cikinsa yana hawa da sauka da ƙyar, ƙafar baya tana karkarwa.

Lasifika tana ta yi. Liman ya gama Larabci ya shiga fassara, yana magana a kan haƙƙin maƙwabtaka, a natse, kamar wanda ba shi da inda za shi. Ko an tayar da salla yanzu, kafin a sallame, a gaisa, a tako zuwa Akwatialine, rabin awa ne.

"Zai kai?" Hadija ta tambayi Fusena.

"Allah ne ya sani. Wani yana tashi in manja ya kama. Wani ba ya tashi."

"In an yanka shi yau, ba suna ke nan."

"Ba suna. Amma akwai nama, a zubar da kayan ciki kawai. In ya mutu, ba suna ba nama."

Hadija ta zauna a kan turke. Gaba kura, baya sayaki. In ta jira, watakila ragon ya tashi, gobe ya shiga Alabar da ƙafafunsa. In ta jira ya mutu, to na ƙarshen jinin tumakin Tawa za a ja shi da igiya a kai bola, angulaye su yi biki, kuma da hannunta ta jawo. Ta taɓa jin wani malami a rediyo yana cewa yankan mace halal ne in ta san yadda ake yi. Ta faɗa wa Fusena haka.

"A rediyo ne," in ji Fusena. "A nan mace ba ya yanka. Wa zai ci? Ko ni, Mma, gaskiya, ba zan iya ba."

Sanda ta bugi siminti. Duka suka juya.

Malam Garuba ya jawo jikinsa har bakin kujera, saura kaɗan ya zube. Ya ɗaga sandar da hannun hagu, ya nuna saman ƙofar ɗakin girki, tsakanin katako da kwano. Can wuƙarsa take soke cikin kubenta tun ranar da ya faɗi. Ya nuna wuƙar, ya nuna ragon, sannan ya bugi ƙirjinsa da kan sandar. Ba wanda ya nemi fassara.

"Malam, hannunka," in ji Hadija.

Ya dube ta. Ba harara ba ce. Da harara ce da ta fi mata sauƙi.

Agya Kwaku da Fusena suka ɗaga shi da kujerar gaba ɗaya suka kai bakin rumfa. Hadija ta zaro wuƙar, ta goga ta a dutsen da ke gindin randa, gaba da baya, yadda ta ga yana yi sau ɗari. Agya Kwaku ya ja ragon ya kwantar da shi a ɓarin hagu, ya tambaya ina gabas take, Fusena ta nuna masa, ya juya shi ya danne ƙafafun da gwiwa. Suka sauko da Malam daga kujera ya zube a gwiwoyinsa, Fusena tana tallafe da shi ta baya.

Ya gwada da hagu. Wuƙar ta riƙa rawa, ta zame a kan gashi, ko fata ba ta kama ba. Ya sake gwadawa, ta faɗi ƙasa. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa wanda ba kalma ba ne.

Hadija ta ɗauki wuƙar. Ta kamo hannunsa na dama, wanda ya shekara biyu a kan cinyarsa kamar ba nasa ba. Sanyi ƙalau, ga nauyi. Ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta sa ƙotar a tafinsa, ta rufe su, sannan ta ɗora nata hannun a kai ta damƙe. Da ɗaya hannun ta kama haɓar ragon ta ja baya. Malam ya kai yatsan hagu ya taɓa wuyan, ƙasa da maƙogwaro kaɗan, ya nuna mata wurin.

"Bismillahi," ya ce.

Wannan ba ta cikin waɗanda ta saba ji a baranda. Tsohuwar muryarsa ce, ta safiyar Babbar Salla, cikakkiya. Fusena ta ƙarasa masa da Allahu Akbar. Hadija ta runtse ido, ta tuna ba a runtsewa, ta buɗe, ta ja.

Jinin ya yi tsartuwa, ja jawur, ja fiye da duk jinin da ta taɓa gani. Ragon ya yi shuri mai ƙarfi har Agya Kwaku ya kusa kifewa.

"Ya motsa," in ji Fusena. "Kun gani ko? Da ransa. Ya halatta."

Hadija ba ta saki hannun Malam ba sai da ragon ya yi shiru. Da ta saki, wuƙar ta zame, hannun ya koma ya rataya. Suka mai da shi kujera. Jini ya ɓata masa gaban riga, ta kawo ruwa za ta goge, ya kau da hannunta. Sai ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ta yi kukan da ba ta samu sararin yi ba. Baƙin ciki ne tsantsa, da kunya, da sanin cewa an gaya mata. Da na sani ƙeya ce, in ji masu magana, amma ita tata a gabanta take kwance, guda huɗu.

Can aka sallame salla. Lungu ya sake cika da takalma da gaisuwa. Labari ya riga kowa, kafin Wahabu ya iso tsakar gida ta cika da farare da shuɗɗan riguna. Ya kutsa ya tsaya a kan ragon. Muryar tasha ta ɓace.

"Mma. Me ya faru?"

"Bawo na ba su," ta ce. "Bai bushe ba. Babanka ya hana, na ba su."

Ladan, wanda ta buga wa ƙofa ɗazu, ya tsuguna ya duba yankan, ya ɗaga kan ragon ya juya shi. Ya ce yanka ya yi kyau, jijiyoyi duka sun tsinke. Sannan ya dubi matan biyu, ya dubi kafinta, ya yi tambayar da kowa yake jira.

"Wa ya yanka?"

"Malam," in ji Hadija.

"Malam Garuba?"

"Da hannunsa," in ji Fusena. "Na dama ma. Shi ya yi bisimilla, ni na ji."

Agya Kwaku ya gyaɗa kai yana goge gwiwarsa. Ladan ya dubi jinin da ke rigar tsohon, ya dubi wanda ya bushe a hannun Hadija har gwiwar hannu. Sannan ya ce Allah mai iko, a kira mahauci a feɗe tun nama bai ɓaci ba. Wani daga baya ya ce nama dai ya tsira, amma ragon suna sai ranar suna, wannan ya zama na miya. Wani ya ce a yi haƙuri, ko ɗan tunkiya ne a nemo a kai, suna ba ya fasuwa don rago. Duk gaskiya suke faɗa, kuma ba wadda ta sanyaya wa kowa rai.

Ana cikin haka aka ji atishawa daga kusurwar rumfa.

Guntuwa ce. Ta ɗaga kai, baki duk manja. Ta tura ƙafafun baya, ta dafa na gaba, ta faɗi, ta sake. A karo na uku ta tsaya, tana layi. Ta girgiza jiki, ta yi wani ɗan siririn kuka. Wannan ita ce tunkiyar da Malam ya karɓa don kunyar wani aboki, wadda bai taɓa lissafa ta cikin tumakinsa ba.

Wahabu ya dubi tunkiyar. Ya dubi ragon, wanda aka ɗura wa manja ninkin nata uku. Ya daɗe yana kallo.

"Mma," ya ce a hankali. "Da kun ɗan jira fa?"

Hadija ta juya ga Fusena, Fusena ta sunkuyar da kai. Ta juya ga Malam. Shekara biyu ba a taɓa yin magana a gabansa bai jefa kalmarsa ba, ko ta yarda ko ta faɗa. Yana kallon Guntuwa, leɓensa yana motsi, amma ba abin da ya fito.

Guntuwa ta taka, tana tangaɗi, ta nufi komin, inda sauran bawon yake. Hadija ta tashi da sauri ta riga ta, ta ɗauke komin ta rungume shi a ƙirji. Ta fito da shi tsakar gida tana neman inda za ta zubar, sai ta ji zafi a ƙeyarta. Gajimare ya yaye. Rana ta fito sosai, ta sauka a kan kwanon rufi, ta sauka a kan buhun da sauran bawon yake shimfiɗe.